Shanun da ba sa kiwo: tarihin baje dabbobin ado a titunan birane

Baje dabbobin ado al'ada ce da ta taso a Turai a ƙarshen ƙarni na 20, ta bi ta Amurka ta watsu a duniya. Ana ƙera mutum-mutumin dabba guda, saniya ko zaki ko giwa, a zubo irinsa ɗari ko fiye, duka farare fat kuma kamarsu ɗaya, a raba wa masu zane kowa ya yi wa nasa ado yadda ya ga dama. Daga nan a jera su a bakin tituna da dandali da ƙofar tashar jirgin ƙasa, su yi wata biyu zuwa huɗu jama'a na kallo kyauta. In wa'adin ya cika a kwashe su, a wanke, a yi gwanjonsu, kuɗin ya tafi asibiti ko wata ƙungiyar agaji. A yau wannan gwanjo na ƙarshe shi ne abin da aka fi sanin al'adar da shi, alhali ba da shi ta fara ba. 'Yan kasuwa ne suka ƙirƙiro ta don jawo masu saye zuwa shagunansu, taimakon kuma ya shigo daga baya.

Mafarin abin a Zurik ne, babban birnin kasuwanci na ƙasar Suwizalan. A 1986, shekarar da birnin ya yi bikin cika shekara 2,000, an yi wa zakuna fenti an baza su a cikin gari, domin zaki shi ne ke riƙe da tambarin Zurik. Abin ya ƙayatar, aka kwashe, aka bar maganar. Sai bayan shekara 12, a bazarar 1998, ƙungiyar masu shagunan tsakiyar birnin ta farfaɗo da dabarar, amma wannan karon da shanu, wajen 800. Walter Knapp ne ya jagoranci ɓangaren fasaha, ɗansa Pascal Knapp, wanda gwanin sassaƙa ne, ya ƙera siffofi uku da har yanzu ake amfani da su: saniya a tsaye, saniya ta sunkuya tana kiwo, da saniya a kwance. Sunan bajen da Jamusanci Land in Sicht, ma'ana an hango karkara.

Zaɓen saniya ya dace da wurin. Suwizalan ƙasar madara ce da cuku da cakulan, kuma a ƙauyukan tsaunukan Alps akwai tsohuwar al'ada ta yi wa shanu ado da furanni da manyan ƙararrawa ranar da za a gangaro da su daga makiyayar tsauni a ƙarshen bazara. Ke nan saniya mai ado ba baƙuwa ba ce ga mutanen ƙasar, ganinta a gaban banki da kantin agogo ne sabo. Ta ɓangaren mai zane kuma, saniya na da faffaɗan jiki, gefenta kamar allo, ga ƙaho da hantsa da wutsiya da za a iya wasa da su. Kuma ba ta ba yaro tsoro.

A cikin waɗanda suka ga shanun Zurik a wannan shekara akwai Peter Hanig, mai sayar da takalma a Shikago. Da ya koma gida ya kai maganar ga 'yan'uwansa masu shaguna a titin Michigan, sannan ga Lois Weisberg, kwamishiniyar al'adu ta birnin a zamanin magajin gari Richard M. Daley. Ba a sha wahalar shawo kan kowa ba, don Shikago na da tsohuwar alaƙa da shanu ta fuska biyu. Ta farko ita ce kara da mahauta: daga 1865 zuwa 1971 birnin na da wata gagarumar kasuwar dabbobi da mayanka, Union Stock Yards, inda jiragen ƙasa ke sauke shanu da aladu daga yammacin ƙasar, a yanka, a aika da naman ko'ina a Amurka. Ta biyu ita ce gobarar Oktoban 1871, wadda ta cinye tsakiyar birnin. An daɗe ana yaɗa cewa saniyar wata mata, Catherine O'Leary, ce ta shuri fitila a garke wutar ta tashi. Labarin ƙage ne, kuma ya bi matar har kabari. Sai a 1997 majalisar birnin ta wanke ta da saniyarta a hukumance, shekara biyu kacal kafin shanun fenti su shigo gari.

An buɗe Cows on Parade a watan Yunin 1999 da shanu fiye da 300, aka kwashe a ƙarshen Oktoba. Mutanen gari da baƙi suka riƙa yawo da taswira a hannu suna neman shanun ɗaya bayan ɗaya, suna ɗaukar hoto. Otal-otal da gidajen abinci suka yi ciniki. Abin da Shikago ta ƙara, wanda ya sauya al'adar gaba ɗaya, shi ne gwanjon watan Nuwamba. An sayar da wasu shanun a zaure, wasu ta intanet, aka tara kusan dala miliyan 3.5 aka raba wa ƙungiyoyin agaji. Saniya ɗaya ta kai dala 110,000. Daga ranar duk birnin da ya ji labari ya fahimci an samu hanyar da ɗan kasuwa zai yi talla, hukuma ta samu masu yawon buɗe ido, mai zane ya samu masu kallo, asibiti ya samu kuɗi, kuma aljihun gwamnati bai yi kuka sosai ba. Akwai saniyar tagulla da ke tsaye a gaban cibiyar al'adu ta Shikago don tunawa da wannan shekara.

Yadda ake tafiyar da aikin bai sauya sosai ba tun lokacin. Ana zuba dabbar da zaren gilashi da aka jiƙa da wani irin danƙo mai daskarewa, irin kayan da ake yin ƙananan jiragen ruwa da su. Cikinta fanko ne, ƙarti biyu za su iya ɗaga ta, shi ya sa ake ɗaure ƙafafunta a kan dakalin siminti mai nauyi. Masu shiri sukan yi shela, masu zane su aiko da zanen abin da suke son yi a takarda, kwamiti ya tace, a tara waɗanda suka tsallake a kundi. Kamfani ko attajirin da zai ɗauki nauyin dabba shi ke duba kundin ya zaɓa, ya biya kuɗin ƙira da fenti da ɗan hasafin mai zane, a rubuta sunansa a ƙaramin allo a jikin dakalin. In an gama fenti a shafe dabbar da man ƙyalli mai hana ruwa da rana ɓata ta. Akwai kuma waɗanda ba a cika ambato ba, masu gyara, da ke zagayawa da sassafe da bokiti da burushi da gam, suna goge sawun takalman yaran da suka hau, suna liƙa kunnen da ya ɓalle. Kuɗin masu ɗaukar nauyi shi ke biyan ɗawainiya, kuɗin gwanjo shi ne na taimako. Kashi nawa ne ke isa hannun mabukata bayan an cire na masu shiri, wannan ya danganta da yarjejeniyar kowane gari, kuma a nan ne aka fi samun ƙorafi.

Nasarar Shikago ta haifar da kamfani. Wani lauya daga jihar Connecticut, Jerry Elbaum, ya jagoranci kafa CowParade, wanda ya mayar da abin sana'a: birni ya nemi izini, kamfanin ya kawo shanu da tsari, ya kuma riƙa sayar da ƙananan kwafin shanun na tangaran a kantunan tsaraba. Mutanen Suwizalan da ke ganin dabarar tasu ce sun kai ƙara, aka yi ta shari'a a kan wa ke da saniya. Ana cikin haka kamfanin ya kai shanu wajen 500 birnin Niyu Yok a 2000, daga baya Landan a 2002, Dublin a 2003, Prague da Stockholm a 2004, har ya zaga birane da dama a nahiyoyi daban-daban.

A Niyu Yok ne aka fara ganin iyakar 'yancin da ake cewa an ba mai zane. David Lynch, mai shirya fina-finai, ya kawo saniya da aka datse wa kai, an caccaka mata wuƙaƙe da cokula masu yatsu a baya, masu shiri suka ce ba za a kai ta titi ba. Ƙungiyar PETA mai fafutukar kare dabbobi ta kawo zanen saniya da aka rarraba jikinta kashi-kashi kamar allon mahauci, kowane kashi da rubutun sukar yankan dabbobi. Shi ma aka ƙi shi, ƙungiyar ta je kotu tana cewa an tauye mata 'yancin faɗin albarkacin baki, alƙali bai ba ta gaskiya ba. Abin lura shi ne al'adar da ta samu gindin zama a garin mahauta ba ta yarda a tuna wa mai kallo inda saniya ke ƙarewa ba. Dokar da aka saba kafawa ita ce ban da siyasa, ban da addini, ban da batsa, kuma ban da talla ƙiri-ƙiri, ko da yake wannan ta ƙarshen an fi kawar mata da kai.

Garuruwan da ba su da alaƙa da shanu, ko ba sa son biyan kamfanin, sai kowa ya duba tarihinsa ya zaro dabba. A 2000 Cincinnati ta baje aladu fiye da 400, don a ƙarni na 19 ita ce cibiyar sarrafa naman alade a Amurka. Lexington ta jihar Kentucky, garin dawakin sukuwa, ta yi dawaki. Toronto ta Kanada ta yi 326 na wata ƙatuwar dabbar dawa mai kama da gwanki, mai faffaɗan ƙaho, wadda suke kira mus, sai ɓarayin tsaraba suka addabi ƙahonin, da yawansu suka ƙare bajen da kai kwal. Washinton a 2002 ta yi jakuna 100 da giwaye 100, alamomin manyan jam'iyyun ƙasar biyu, nan ma sai da PETA ta kai ƙara a kan giwarta mai hawaye da sarƙa a ƙafa. Dubai ta yi raƙuma. Shikago kanta ta gwada kujeru da kayan ɗaki a 2001, ba su yi farin jinin shanun ba. Zurik kuwa ta yi bencina a 2001, ta koma kan 'yan tsanar beyar a 2005.

Balin, babban birnin Jamus, ta ɗauki wata hanya dabam. Beyar ita ce dabbar tambarin birnin, kuma a 2001 wasu ma'aurata 'yan kasuwa, Klaus da Eva Herlitz, tare da mai sassaƙa Roman Strobl, suka fito da Buddy Bears. Wadda ta fi shahara cikin siffofin ita ce mai tsayin mita biyu, tsaye a kan ƙafafun baya, hannuwa a sama. A 2002 aka jera su a da'ira, kowace tana wakiltar ƙasa guda, kuma mai zane daga ƙasar ne ya yi mata ado, har adadinsu ya kai wajen 140. Maimakon a sayar da su duka a watse, sai da'irar ta riƙa tafiya daga birni zuwa birni, ta je Hong Kong, ta je Alƙahira da Ƙudus a 2007, kuɗin da ake samu ta gwanjo da gudummawa yana zuwa asusun UNICEF da ƙungiyoyin taimakon yara. A gaban ofisoshin jakadancin Jamus da dama akan ga irin wannan beyar a tsaye.

Tun farko masu sharhin fasaha ba su yi na'am da al'adar ba. Hujjarsu ita ce an ba mai zane siffar da ba shi ya zaɓa ba, kamfani ne ke da ta cewa a kan zanen da zai fita, sakamakon kuma yawanci wasa da kalmomi ne da launi mai ɗaukar ido, kuma kuɗi da filin da za a ba aikin fasaha mai zurfi sun tafi ga garken roba. Akwai gaskiya a ciki. Mafi yawan dabbobin ba a yi su don su daɗe a zuciyar kowa ba, kuma da wuya a bambanta na wannan gari da na wancan. Sai dai masu sukar kan manta cewa mutumin da bai taɓa taka gidan baje zane ba yakan tsaya a gaban saniyar, ya karanta sunan wanda ya zana ta. A Stockholm sukar ta wuce baki. A 2004 wasu da suka kira kansu mayaƙan masu zanen bango suka sace saniya ɗaya, suka fitar da bidiyo fuskokinsu a rufe, suna neman a fito a bayyana cewa shanun talla ne ba fasaha ba. Da ba a biya musu bukata ba suka datse mata kai. A Dublin ɓarnar ba ta da wata aƙida, 'yan dare ne kawai suka yi ta farfasa shanun har aka kwashe su daga titi aka kai wuraren da ke da tsaro. Duk da haka a Dublin ɗin ne aka sayar da saniyar da John Rocha, mai tsara tufafi, ya lulluɓe da dubban ƙwayoyin gilashin Waterford, a kan yuro 125,000.

Zuwa tsakiyar shekarun 2000 nauyin ya fara karkata. Da, birni ne ke shirya biki sannan a nemi wanda za a ba kuɗin. Yanzu mai bukatar kuɗin ne ke shirya bikin. Misali mafi bayyana shi ne na giwaye. Wani ɗan ƙasar Holan, Marc Spits, ya ziyarci asibitin giwaye da ke Lampang a arewacin Tailan, wanda Soraida Salwala ta kafa a 1993. A can ya ga 'yar giwa mai suna Mosha, wadda ta taka nakiya a kan iyakar Tailan da Myanmar tana da wata bakwai, ta rasa ƙafar gaba ta dama. Ita ce giwar farko da aka yi wa ƙafar roba, kuma da yake tana girma nauyinta na ƙaruwa, dole a riƙa sake mata wata. Spits da ɗansa Mike suka kafa Elephant Parade a 2006, suka yi bajen farko a Rotterdam a 2007. A 2010 suka kai giwaye wajen 260 Landan tare da ƙungiyar Elephant Family ta Mark Shand, aka tara fiye da fam miliyan 4 don kare giwayen Asiya, giwar da mai zane Jack Vettriano ya yi ta tashi a kan fam 155,000. A kowane baje nasu akan sa giwa ɗaya mai ƙafar roba da sunan Mosha. A nan dabbar da ake kallo ita ce dabbar da ake tara wa kuɗin.

Daga baya Ingila ta riƙe al'adar sosai, kuma ta ɗaure ta da asibitoci da gidajen kula da marasa lafiya. A 2008, shekarar da Libaful ta zama birnin al'adu na Turai, an baza kwafi 125 na wani mutum-mutumi da ɗan Japan Taro Chiezo ya yi a 1998, rabinsa ɗan rago rabinsa ayaba. Kamfanin Wild in Art, wanda ya yi wannan aiki, ya ci gaba da shirya irinsa a garuruwa da yawa, ya kuma shigo da makarantu: yara su yi wa ƙananan dabbobi ado, a baje su a ɗakunan karatu da kantuna, a mayar musu da abinsu in an gama. A Bristol, garin kamfanin Aardman mai fina-finan 'yan tsanar yumɓu, an baje kwafi 80 na karen nan Gromit a 2013 na tsawon mako goma, gwanjonsu ya kawo fam miliyan 2.3 ga asibitin yara na birnin. Bayan shekara biyu aka yi tumaki 120, 50 a Landan 70 a Bristol. Taswirar takarda ta koma manhajar waya, mutum ya je gaban dabba ya shigar da lambarta, wayar ta ƙirga masa nawa ya gani nawa suka rage.

Na Mancesta ya zo da wani nauyi na daban. Ƙudan zuma na cikin tambarin birnin tun 1842, alamar ma'aikatan masaƙun auduga da ke kai-kawo kamar a amya. Bayan harin bam na 22 ga Mayun 2017 a zauren wasa na birnin, wanda ya kashe mutum 22, mutanen gari suka rungumi alamar, aka riƙa zana ta a bango da jikin motoci, wasu har a fatarsu. Da aka baje manyan ƙudan zuma fiye da 100 a bazarar 2018, jama'a sun karɓe su da wata fuska da ta wuce ta nishaɗi, gwanjon kuma ya tara fiye da fam miliyan 1 ga asusun taimako na magajin garin.

A Afirka al'adar ta fi bayyana ta ƙofar kare namun daji. A 2009 ƙungiyar Born Free ta baje zakuna 50 a titunan Nairobi da sunan Pride of Kenya, a lokacin da ake ƙiyasin zakunan da suka rage a ƙasar ba su wuce 2,000 ba, saboda ƙarancin daji da rikici tsakaninsu da makiyaya da ke rasa dabbobinsu. Kuɗin gwanjon ya tafi aikin kare zakunan. A 2021 ƙungiyar Tusk ta sake ɗaukar zaki, ta baje guda 47 a ranar 10 ga Agusta, ranar zaki ta duniya, a birane da dama lokaci guda, ciki har da Landan da Edinburgh da Sidni da Nairobi, aka yi gwanjonsu daga baya don ayyukan kare namun daji a nahiyar.